Yoga da Zaman Natsuwa a Aji: Abin da Aka Gani a Inda Aka Gwada

 

An ba ni batun koya wa ɗalibai yoga da zaman natsuwa. Tun da aka karanto taken na ga wasu sun gyara zama, wasu kuma sun ɗaure fuska, kuma kowa da hujjarsa. Yawancinmu a finafinan Indiya muka fara ganin abin: mutum ya tanƙwashe ƙafa, ya lumshe ido, ya ɗora hannu a gwiwa. Daga baya waya ta kawo mana shi da sunan motsa jiki da rage tumbi. Yanzu a ƙasashe da dama makarantu ake yi wa tallarsa, a ce shi ne maganin ƙiriniyar yara da fargabar jarrabawa. Fatawa tana da masu ita, ba zan shiga gonarsu ba. Nawa shi ne in zagaya da ku wuraren da aka riga aka saka abin a jadawalin darasi, mu ga yadda ta kaya.

Yoga a Indiya aka haife ta, cikin addini da falsafar mutanen can. Littafin da aka fi jingina ta gare shi, na wani malami Patanjali, ya kasa hanyar gida takwas. Zaman jiki gida ɗaya ne kacal. Sauran sun shafi kame kai, sarrafa numfashi, janye hankali daga duniya, har zuwa abin da su suke ɗauka kuɓutar rai ne. Malaman Musulunci kuwa ba yau suka san littafin ba, domin Albiruni ya fassara shi zuwa Larabci tun ƙarni na 11.

Amma lanƙwasa da miƙewa a jere da kuke gani a bidiyo ba su kai wannan tsufa ba, kuma da yara 'yan makaranta aka gina su. A 1933 Sarkin Maisur, a kudancin Indiya, ya ba wani malami Krishnamacharya wuri a ɗaya daga cikin fadojinsa ya buɗe makarantar yoga. Ɗalibansa samari ne masu jini a jika, da yawansu 'ya'yan gidan sarauta. Salon da ya fito daga wurin mai sauri ne, daga wannan motsi a faɗa wancan, numfashi na biye. Wani masani, Mark Singleton, ya kawo hujjoji a littafinsa na 2010 cewa salon ya yi aro daga atisayen 'yan kokawar Indiya da na Turawa da ake yayi a lokacin. Biyu daga cikin almajiran malamin, Iyengar da Pattabhi Jois, su suka yi fice wajen kai abin Turai da Amurka. Ku riƙe sunan Jois, za mu sake haɗuwa da shi a kotu.

A yau gwamnatin Indiya ta rungumi yoga a matsayin hajar da take alfahari da ita. Firaminista Narendra Modi ya kai ƙudurin ware mata rana gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a Satumban 2014, ranar 11 ga Disamba aka amince da 21 ga Yuni ta zama Ranar Yoga ta Duniya, ƙasashe 177 suka mara baya. A bikin farko a 2015, mutum 35,985 suka shimfiɗa tabarma lokaci guda a tsakiyar birnin Delhi. A manhajar makarantun ƙasar kuma, yoga na cikin darasin lafiya da motsa jiki.

To amma a can gidanta ma ba a kwashe lafiya ba, kuma rigimar kusan kullum kan abu ɗaya take, wato jerin motsin da ake kira Surya Namaskar, gaisuwar rana. Bari in kwatanta muku shi. Motsi goma sha biyu ne. Mutum zai tsaya, a al'ada yana fuskantar gabas da sassafe, ya haɗa tafin hannuwansa a ƙirji, ya ɗaga su sama, ya sunkuya, ya miƙa ƙafa baya. A tsakiyar jerin zai sauka har gaɓoɓi takwas su taɓa ƙasa: ƙafa biyu, gwiwa biyu, hannu biyu, ƙirji, sai haɓa ko goshi. A tsarin gargajiya kowane motsi yana da sunan abin bautar rana da ake ambata. Mu da aka hana mu ko nafila a daidai fitowar rana, ba sai an yi mana dogon sharhi ba kafin mu gane abin da ya sa uba Musulmi a Indiya zai ce ɗansa ba zai yi ba. A 2007 babbar kotun jihar Madhya Pradesh ta ce ba za a tilasta wa ɗalibi wannan gaisuwa ba. A 2015, bayan ƙorafin ƙungiyoyin Musulmi, ba a saka ta cikin tsarin bikin Ranar Yoga ba. Wasu kuma suka nemi Kotun Ƙoli ta wajabta yoga daga aji ɗaya zuwa takwas a duk ƙasar, a 2017 kotu ta kori ƙarar, ta ce tsara manhaja aikin gwamnati ne. A wajen Indiya kuwa, a Maleshiya majalisar fatawa ta hana Musulmi yoga a Nuwamban 2008. Majalisar malaman Indunusiya, a Janairun 2009, ta raba abin biyu: wadda ta ƙunshi ambato da ibadar wani addini haramun ce, wadda motsa jiki ce zalla babu laifi. Saudiyya kuma a 2017 ta amince da ita a jerin wasanni.

Kada wani ya ɗauka Musulmi ne kaɗai masu wannan ɗar-ɗar. A Amurka iyaye Kiristoci ne suka fi jan daga. Shari'ar da na fi so malamai su sani ta faru ne a jihar New Jersey. A tsakiyar shekarun 1970 aka shigar da wani salon zaman natsuwa na Maharishi Mahesh Yogi cikin wasu sakandare biyar na gwamnati, aka ce kimiyya ce, babu ruwanta da addini. Sai dai kafin a ba ɗalibi kalmar da zai riƙa maimaitawa a zuci, sai ya halarci wani biki. Zai zo da 'ya'yan itace da fure da farin hankici, ya tuɓe takalmi, a shigar da shi wani ɗaki mai kyandir da turare, malami ya tsaya gaban hoton wani shehinsu da ya mutu yana rera yabo da harshen Sanskrit, wanda yaron ba ya ji. Iyaye suka kai ƙara, kotu ta ce wannan addini ne, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1979. Sai ku yi zaton an ɗauki darasi. Ina! Bayan shekara kusan arba'in aka sake kawo irin wannan shiri a wasu makarantun gwamnati na Chicago, da irin wannan biki, tsofaffin ɗalibai suka kai ƙara, a 2024 aka sasanta a kan dala miliyan 2.6.

A garin Encinitas na jihar Kalifoniya kuma abin ya kaya daban. Wata gidauniya mai ɗauke da sunan Jois ɗin nan da na ce ku riƙe ta ba makarantun firamare tara tallafin dala fiye da dubu 500 don a koyar da yoga. Da iyaye suka yi ƙorafi, hukumar makarantun ta cire kalmomin Sanskrit, ta cire hotuna, ta sake wa motsin sunaye irin na wasan yara. A 2013 alƙali ya ce haƙiƙa yoga tana da tushe a addini, amma abin da ake yi a waɗannan azuzuwa motsa jiki ne, a ci gaba. A 2015 kotun sama ta tabbatar. Jihar Alabama kuwa tun 1993 ta haramta yoga a makarantun gwamnati, sai a 2021 aka ɗage, da ƙoƙarin wani ɗan majalisa Jeremy Gray, tsohon ɗan wasan ƙwallon ƙafa irin na Amurka. Ku ji sharuɗɗan: ba rera komai, ba kalmar maimaitawa, ba a gaisa da "namaste", kowane motsi da sunan Turanci, zaman natsuwar ma ba a yarda da shi ba, kuma sai uba ko uwa sun sa hannu a takardar da ta bayyana musu cewa yoga na da alaƙa da addinin Hindu. Mabiya Hindu da dama ba su ji daɗi ba, suna ganin an karɓi kayansu an goge sunan mai shi. Su ma suna da gaskiyarsu.

Ni dai abin da na ɗauka daga shari'o'in nan shi ne, ba lanƙwasa jiki ne ya kai kowa ga biyan diyya ba. Ɓoye-ɓoye ne. Inda aka fito fili aka ce ga asalin abin, ga abin da muka cire, ga abin da ya rage, wanda ba ya so ya janye ɗansa, an tsira. Inda aka shigo da kyandir da turare ta bayan gida aka ce wa iyaye kimiyya ce, an ji kunya.

Mu ajiye batun addini, mu koma ga tambayar da malamin aji zai fi damuwa da ita: abin yana aiki kuwa?

Akwai ɓangaren da jikin kowa zai ba shi shaida. Ku sa yatsu biyu a wuyan hannunku, inda jijiya ke harbawa. Ku ja numfashi a hankali, sannan ku sake shi a hankali, ya fi na shigar tsawo. Mai lura zai ji bugun ya ɗan ƙara sauri lokacin shaƙa, ya ɗan lafa lokacin fitarwa. Akwai wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki, ita ke rage wa zuciya gudu, kuma tasirinta ya fi ƙarfi lokacin fitar da numfashi. A jikin yara da matasa wannan bambanci ya fi fitowa fili. Don haka yaron da ya harzuƙa, in aka samu ya zauna ya tsawaita fitar numfashinsa na 'yan mintoci, jikinsa zai sauko. Wannan halittar Allah ce, ba mallakin wata al'umma ba ce. Mu ma da aka koya mana cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, ko ya yi alwala, mun san jiki na jan zuciya.

A kan wannan aka gina labaran da suka yi tashe. A birnin Baltimore akwai firamaren Robert W. Coleman, a unguwar talakawa da ta sha fama da harbe-harbe da ƙwaya. Wasu samari uku, Ali Smith da ɗan'uwansa Atman da abokinsu Andres Gonzalez, suka kafa wata ƙungiya a 2001. A makarantar suka keɓe ɗaki mai fitilu da matasai. Yaron da ya yi faɗa ko ya hana aji zaman lafiya, maimakon a tsare shi bayan an tashi, sai a tura shi ɗakin. Wani babba zai fara sauraronsa, me ya faru, wa ya fara, sannan su yi numfashi tare, ya koma aji. A 2016 labarin ya zagaya duniya, saboda makarantar ta ce a shekarar da ta gabata ba ta dakatar da ɗalibi ko ɗaya ba. A Delhi ma, a Yulin 2018, gwamnatin birnin ta ƙaddamar da darasin da ta kira na farin ciki a makarantunta sama da dubu, daga nazare zuwa aji takwas, ba littafi, ba jarrabawa, ana buɗe shi da 'yan mintocin shiru da sauraron numfashi. Dalai Lama ne ya halarci ƙaddamarwar.

Labarai ne masu daɗin ji. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Makaranta ɗaya da mutane uku masu kishin unguwarsu suka tsaya a kanta ba ta isa ta gaya mana abin da zai faru in an baza abin a ƙasa baki ɗaya ba. Kuma a ɗakin Baltimore, wa zai iya rantsuwa cewa numfashin ne ya yi aiki, ba babban da ya zauna ya saurari yaron ba?

Birtaniya ce ta yi wani babban gwaji, wanda ake kira MYRIAD. Masana daga jami'o'i irin su Oxford da Cambridge suka jagoranta, gidauniyar Wellcome ta ba da kuɗi, aikin gaba ɗaya ya ci shekara takwas. Aka ɗauki sakandare 84 da ɗalibai 8,376, 'yan shekara 11 zuwa 14. Aka yi ƙuri'a, wasu makarantun suka ci gaba da darussan tarbiyya da suka saba, wasu aka ba su darasi goma na tattara hankali. Malaman makarantar ne suka koyar, bayan su kansu sun yi kwas na mako takwas, an kuma ƙara musu horon kwana huɗu kan yadda ake koyarwa. Ku lura da wani abu: jagororin binciken ba maƙiyan zaman natsuwa ba ne. Mark Williams da Willem Kuyken sun shafe rayuwarsu suna bincike a kansa, kuma aikin da aka yi a baya ya nuna yana taimaka wa manya masu ciwon damuwa da ke yawan dawo musu. Sun shiga gwajin ne da kyakkyawan zato.

A Yulin 2022 sakamako ya fito. Bayan shekara guda, yaran da aka koya wa ba su fi sauran ba, ko a damuwa, ko a walwala, ko a ɗabi'a. Har ma an ga alamar cewa yaran da tun farko ke cikin haɗarin damuwa, wasunsu abin ya ɗan ƙara musu nauyi. Ina jinjina wa mutanen nan, domin sun buga sakamakon yadda ya zo, ba su yi masa kwaskwarima ba, alhali ya saɓa wa abin da suka so.

Me ya faru? Yaran ba su yi ba. An ba su aikin gida, su riƙa zama kullum na 'yan mintoci, sama da takwas cikin goma ba su kula shi ba. Da yawa suka ce abin gundura ne. Duk malamin ƙaramar sakandare da ke ɗakin nan ya san haka tun kafin a kashe ko sisi: ɗan shekara goma sha biyu, ka ce ya rufe ido a gaban sa'o'insa talatin, ɗaya na kyafta wa ɗaya, wani na danne dariya. Babban da ya je asibiti da ƙafarsa ya ce a koya masa, shi ya ga uwar bari, shi ya zaɓa. Yaron da aka rubuta wa a jadawali bai zaɓa ba. 'Yan kaɗan da suka riƙe abin da kansu sun ba da rahoton samun sauƙi, haka ma inda malamin ya ƙware sosai yara sun fi karɓa. Game da waɗanda abin ya ƙara wa nauyi kuwa, dalilin da ake zato ba mai wuyar ganewa ba ne. Yarinyar da ta baro gida ana dukan mahaifiyarta, ko yaron da ya ga abin da ido bai kamata ya gani ba, hayaniyar aji ce ke ɗauke masa hankali. Ka sa shi shiru ka ce ya lura da abin da ke zuciyarsa, sannan ƙararrawa ta kaɗa ka fita, ka buɗe masa ƙofar da babu mai taya shi rufewa. Wannan ya kamata ya tsaya mana a rai, mu da muke da ɗalibai 'yan gudun hijira da marayun rikici a azuzuwanmu. Ɗura wa aji guda maganin zazzaɓi, mai ciwo da lafiyayye, ba jinya ba ce.

Sai kuma abin da ba shi aka fita nema ba. Waɗanda suka amfana a gwajin su ne malamai. Gajiya da ƙosawa da aiki sun ragu a wurinsu, yanayin makaranta ya ɗan gyaru, musamman wajen mutunta juna, ko da yake bayan shekara yawancin wannan ya dusashe, kamar yadda duk wani horo da aka yi sau ɗaya aka watsar yake dusashewa. A ganina nan gizo ke saƙar. Mun daɗe muna neman abin da za mu yi wa yara su natsu, alhali sau da yawa mai riƙe da alli ne ya shigo a birkice: albashi bai shigo ba, mai gida na neman kuɗin haya, ga yara tamanin ko ɗari a aji, ga zafi. Ƙaramin laifi sai dorina. Yara kuwa yanayin fuskar malami suke fara karantawa kafin allo.

Saboda haka in shugaban makaranta ya tambaye ni, zan ce ya fara da ofishin malamai, ga wanda ya so, ba da takardar umarni ba. Miƙe jiki da motsa gaɓoɓi kuwa a bar su a inda suka dace, wato darasin motsa jiki, wanda a makarantu da yawa ya zama suna kawai, an mayar da filinsa sababbin azuzuwa. Yaron da ya zauna a benci tun ƙarfe takwas zai amfana da miƙewa, ko da wane suna aka kira ta. Gaisuwar rana dai ban ga abin da ya sa mai makaranta a cikin al'ummar Musulmi da Kirista zai jawo wa kansa ita ba, tunda akwai motsi barkatai da ke yin aiki iri ɗaya. Minti biyu na numfashi kafin a raba takardar jarrabawa ba shi da tsada, ba ya cutarwa, muddin ba a tilasta rufe ido ba, wanda ya ga dama ya kalli teburinsa. Amma kada a sayar wa iyaye shi a matsayin maganin damuwa, kada kuma a ƙara kuɗin makaranta da sunansa. Yaron da bai karya ba, ko bai yi barci ba saboda talla ko waya, numfashi ba zai cika masa ciki ba.

In kuma wata ƙungiya ta zo da shiri da tallafi, kamar yadda aka zo wa Encinitas da Chicago, ku nemi a ba ku manhajar a rubuce, darasi bayan darasi. Ku ce a yi muku darasin farko a gabanku, har da duk wani biki na shiga, da kwamitin iyaye da malamin addini a zaune. Ku tambayi wa ya horar da masu koyarwar, na tsawon wane lokaci, kuma me za su yi in yarinya ta fashe da kuka a tsakiyar zaman, wa za a kai ta wurinsa. Takardar amincewar iyaye a rubuta ta da harshen da suke karantawa, a faɗi asalin abin a ciki, a kuma tanadi abin da yaron da aka janye zai yi a wannan lokaci, don kada ya zama abin nuni a cikin 'yan'uwansa.

Na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya yi. Nan zan dakata a ba masu tambaya dama.